Cutar Da Ke Shiga Ta Kunne

Muna gaishe ku, da na cikin birnin Sakkwato da na ƙauyuka, musamman waɗanda za su karanta wannan takarda, ko a karanta musu ita, suna zaune a kan benci a ɗakin shan magani suna jiran layi ya zo kansu.

A maganganunmu da suka wuce mun yi zancen cututtukan da ke shiga jiki ta baki, kamar kwalara, da waɗanda sauro ke kawowa, da waɗanda ake shaƙa a iska, kamar ƙyanda da sanƙarau. Yau zancenmu na wadda ke shiga ta kunne da ido ne, watau jita-jita a kan magani da riga-kafi, irin wadda ke yawo cikin wayar hannu. Kada wani ya ce wannan ba aikin malamin asibiti ba ne. Aikinmu ne, gama mu ake kawo wa yaron da aka hana allura sa'ad da ƙyanda ta rufe shi, numfashi na fita da ƙyar.

Jita-jita dai ba baƙuwa ba ce. Tsofaffinmu sun san zamanin agana, lokacin da masu yin lamba ke shiga gari, wasu iyaye su ɓoye 'ya'yansu ko su tura su gona. Duk da haka aka yi ta yin lambar, har a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa agana ta ƙare a duniya duka. Yau in ka tambayi saurayi mece ce agana, sai ya tsaya yana dubanka.

Amma jita-jitar da ta fi yi mana ɓarna a Arewa ita ce ta 2003. A shekarar nan aka fara cewa wai an sa wa maganin shan-inna, wanda ake ɗiga wa yara a baki, wani abu mai hana 'ya'ya mata haihuwa, wai har da ƙwayar ƙanjamau, wai dabara ce ta Turawa don a rage yawan Musulmi. Masu faɗin haka ba jahilai ba ne. Akwai malamai da shugabanni, har da likita a cikinsu, wasu takardun da suke nunawa kuwa daga intanet aka ciro su. Shekarar ce kuma Amurka ta shiga Iraƙi da yaƙi, zukata sun riga sun yi zafi. Sai jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka tsai da ɗigon. Kano ce ta fi daɗewa, ba ta koma ba sai cikin Yuli 2004, bayan an kai maganin an auna shi a nan gida da ƙasashen waje, aka kuma sayo wani daga Indunisiya, ƙasar Musulmi. Cikin Oktoba na shekarar, Shugaban Ƙasa Obasanjo ya je Kano ya ɗiga wa 'yar Gwamna Ibrahim Shekarau maganin a gaban jama'a.

To, ku ji abin da tsayawar nan ta jawo. A 2002 yaran da aka tabbatar shan-inna ta shanye a Nijeriya wajen 200 ne. A 2006 sun haura 1,000. Cutar kuma ta tsallaka iyaka, ta koma ƙasashe wajen 20 waɗanda dā sun rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indunisiya can gabas mai nisa. Likitoci na iya gane dangin ƙwayar cuta a ɗakin gwaji kamar yadda makiyayi ke gane dangin saniyarsa, da haka aka san daga nan ta tashi. Yaran da suka shanye a shekarun nan samari ne da 'yan mata yanzu, kuna ganin wasunsu a bakin kasuwa a kan keken guragu. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin kuwa, waɗanda aka ce ba za su haihu ba, su ne ke cika mana ɗakin awo ranar riga-kafi, wata da goyo, wata da goyo da ciki. Wannan shaida ba sai an je Indiya an auno ta ba.

Me ya sa mutane masu hankali suka yarda? Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a cikin gwajin da aka sa yara wajen 200. Yara 11 suka mutu, wasu suka naƙasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'an nan aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A Pakistan kuma, a 2011, 'yan leƙen asirin Amurka sun fake da aikin riga-kafi suna neman Usama bin Laden. Waɗannan sun faru, ba mai musu. Ga kuma tambayar da talaka ke yi, wadda ni a ganina tambaya ce ta hankali: yaya maganin zazzaɓi sai na saya da kuɗina, amma wannan ana biyo ni da shi har ƙofar gida kyauta? Amsar ita ce shan-inna ba ta da magani in ta riga ta shanye ƙafa, kuma cikin mutum kaɗai take zama, saboda haka in an rufe mata kowane yaro sai ta rasa mazauni ta ƙare, kamar yadda agana ta yi. Shi ya sa ƙasashen duniya suka haɗa kuɗi a kanta. Amma in ba wanda ya zauna ya yi wa mutum wannan bayani, mai jita-jita zai ba shi tasa amsar. Haka take aiki kullum: a ɗauki abu ɗaya na gaskiya a ɗora masa ƙarya goma, mai saurare ya haɗiye duka tare.

A 2003 kaɗan ne ke da waya. Magana tana tafiya ne ta kaset, da bakin kasuwa, da tashar mota. Kafin ta tashi daga Kano ta kai Gwadabawa ko Tambuwal sai an kwana biyu, a kan hanya kuma takan gamu da dattijon da zai ce, tsaya, wa ya faɗa? Yanzu ba haka ba ne. Ku tuna da gishirin Ebola. Cikin Yuli 2014 wani mutum ya sauka Legas daga Laberiya da cutar. A farkon Agusta, cikin dare ɗaya, saƙo ya bi wayoyi ko'ina a ƙasar nan, wai kowa ya tashi kafin gari ya waye ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha. Ɗa na buga wa uwa, ƙane na buga wa wa, kowa don ƙauna. Aƙalla mutum biyu suka mutu a Jihar Filato, aka kwantar da wasu da dama a asibiti, gama gishiri mai yawa yana tada hawan jini, yana kuma wahal da ƙoda. Ebola kanta mutum 20 ta kama a Nijeriya, ta kashe 8, a Legas da Fatakwal, ba ta ko leƙo Arewa ba. Gishirin ne ya iso.

Ta gishiri kwana ɗaya ta yi ta wuce, aka yi dariya. Wadda ta fi damuna ita ce mai kama mutum sannu-sannu, har ta sāke masa hali. Bari in gaya muku yadda take tafiya, don ku gane ta in ta shigo gidanku.

A ce ga magidanci a Mabera ko Runjin Sambo, ko a wani ƙauye wajen Kware. An yi wa ɗansa allura, da dare jikin yaron ya yi zafi, wurin allurar ya kumbura. Wannan abu ne da aka saba, alama ce jiki ya karɓi allurar yana shirin faɗa, kwana ɗaya ko biyu yakan wuce. Amma ba a gaya masa ba, ko kuwa ya je tambaya aka amsa masa da tsawa. Ya dawo gida da tsoro da jin haushi. Nan ne ƙofar. Sai aboki ya turo masa bidiyo, ga wani Bature da farar riga yana magana, an ɗora murya da Hausa a kai, wai ga abin da ake ɓoye muku. Ya kalla har ƙarshe.

Yanzu ku lura da kyau. Facebook da TikTok da YouTube kamfanoni ne, ribarsu daga talla take, talla kuwa tana son mutum ya daɗe yana kallo. Saboda haka an shirya na'urar ta riƙa lura da abin da ya tsai da kai, ta ƙaro maka irinsa. Kamar mai shayi ne da ya ga kana son siga, kullum sai ya ƙara maka cokali, bai damu da haƙoranka ba. Abin da ke tsai da mutum kuwa shi ne abin tsoro da abin fushi. In magidancin nan ya kalli ɗaya yau, gobe uku za su zo, jibi goma, kowane ya fi na jiya zafi. Kafin wata guda, duk inda ya taɓa a waya maganar ke nan. Sai ya ɗauka duniya duka ta sani, shi kaɗai aka bari a baya. Maƙwabcinsa mai kallon ƙwallo da kokawa bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Daga nan sai a sa shi cikin wani zaure na WhatsApp. A nan abin ke yin saiwa. Ana yi masa maraba, ana kiransa ɗan'uwa, ana ce masa kai ka waye, sauran mutane barci suke yi. Wane ne ba ya son a ce masa haka? Mutumin da a asibiti aka yi masa tsawa, ga shi an ɗauke shi mai ilmi. In ya turo sabon labari a yaba masa. In wani ya ce, anya kuwa, sai a yi masa caa, ko a fitar da shi, har ya zama ba sauran mai gardama a ciki. Magana kuma ba ta tsayawa kan allura ɗaya. Yau riga-kafi ne, gobe gidan sauro, jibi gishiri mai aidin, gata ƙarfen sabis na waya. A 2020, da korona ta zo, aka ce ƙarfen 5G ke kawo ta, alhali a lokacin ba a ma fara sayar da 5G a Nijeriya ba, aka ce kuma akwai na'urar bin sawu cikin allurar. A 2023, da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar da ke tsare sankarar bakin mahaifa, sai ga tsohuwar maganar hana haihuwa ta dawo, ba a ko sāke mata riga ba.

Mataki na ƙarshe shi ne inda kowace amsa ke zama shaida a kansa. In likita ya ce ƙarya ne, an saye shi. In rediyo ya faɗa, na gwamnati ne. In liman ya faɗa, an ba shi kuɗi. In ba wanda ya ce komai, to, ai ka gani, suna ɓoyewa. Mutum ya fara faɗa da matarsa don ta kai yaro awo, ya daina zama majalisar da ya saba, ya kori masu ɗigo daga ƙofar gida da zagi. Ba kowa ke kai nan ba, yawanci a tsakiya suke tsayawa, da shakka kawai. Amma mun ga inda hanyar ke ƙarewa. A Fabrairu 2013 aka harbe ma'aikatan riga-kafi tara, galibinsu mata, a ɗakunan shan magani biyu cikin Kano, kwanaki kaɗan bayan wani shiri a rediyo ya sake tada tsohuwar maganar. Mata ne talakawa irin naku, sun fita neman abin cefane.

Ku kuma dubi ƙarshen bidiyon nan. Sau da yawa bayan an gama tsorata ku da maganin asibiti, sai ga lambar waya, ga wani ruwa a gora mai warkar da siga da hawan jini da sanyi da basir duka. Wani kuma ba ya sayar da komai, yawan masu kallo kawai yake nema, gama da shi ake samun kuɗi da suna.

Yaya za ku gane saƙon da ba shi da tushe? Yawanci ba shi da suna, ba shi da gari, ba shi da rana. "Wani babban likita ya ce," wane likita, a wane asibiti? "Yara sun mutu a wani ƙauye," wane ƙauye, wa ya je jana'iza? Sa'an nan yana gaggawa, yana cewa ka tura wa mutum goma yanzu kafin a goge, wani lokaci har da rantsuwa da ɗora maka alhaki in ka ƙi. A WhatsApp, in kun ga 'yan kibau biyu a saman saƙo, alama ce ya bi hannu da yawa kafin ya iso, wanda ya turo muku bai san mafarinsa ba. Hoto ma ba shaida ba ne. Ana ɗauko tsohon hoto daga wata ƙasa a ce jiya ne a Wurno, yanzu kuma kwamfuta na iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. In maganar ta shafi garinku, ku aika yaro ko ku buga wa wanda ke can. Kafin amsa ta dawo, ku riƙe saƙon kada ku tura.

Akwai tambayar da ake yi mini kusan kowane mako, zan amsa ta a nan don kada ku ji amsarta a bakin da bai dace ba. An ce shan-inna ta ƙare, to, me ya sa har yanzu ake zuwa gida-gida? Gaskiya ne, asalin ƙwayar an ga ta ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, kuma ran 25 ga Agusta 2020 aka ba da sanarwa Afirka ta rabu da ita. Sarakunanmu sun yi ƙoƙari a kan wannan, tun daga 2009 da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Amma ga abin da ya rage. Maganin da ake ɗigawa ƙwayar cutar ce da aka raunana, ta koya wa jiki faɗa ba tare da ta kada shi ba. Tana fita cikin bayan gida. A garin da kusan kowane yaro ya sha ɗigo, sai ta rasa wurin zuwa ta mutu. A garin da yara da yawa ba su sha ba, ga kuma ƙazanta, takan yi ta yawo daga ciki zuwa ciki wata da watanni, har ta sami ƙarfi ta iya shanye ƙafa. An sami irin wannan a Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Katsina a 2023 da 2024. Mai jita-jita zai ce, kun ji, maganin ne ke kawo cutar. Amma ku tambaya, wane yaro take kamawa? Wanda bai sha ba, ko bai cika ba. Ku sani kuma cikin yara wajen 200 da ƙwayar shan-inna ta shiga, ɗaya ne ke shanyewa, sauran suna ɗauke da ita suna rabawa ba a sani ba. Don haka rashin ganin gurgu a unguwa bai nuna ba ta nan ba. Mashaƙo ma da muka ɗauka ya tafi, ya dawo a ƙarshen 2022, ya yi ɓarna ƙwarai a Kano da maƙwabtanta a 2023, yawancin waɗanda ya kama kuwa ba su cika allurarsu ba.

In kuna da ɗan'uwa wanda wannan abu ya kama, kada ku yi masa dariya a majalisa, kada ku kira shi jahili. In kun yi haka zauren nan zai koma, inda ake girmama shi. Ku same shi shi kaɗai, ku tambaye shi abin da yake tsoro, ku bar shi ya gama magana. Inda ya faɗi gaskiya, kamar zancen Trovan ko tsadar magani, ku ce haka ne. Sa'an nan ku tambaye shi a hankali: wanda ya yi bidiyon nan, ka san shi? In yaronka ya kwanta, shi zai zo duba shi? Ba a kwana ɗaya ake warkewa ba, kamar yadda ba a kwana ɗaya aka kamu ba. A nemi wanda yake jin maganarsa, kawu, ko limamin unguwa, ko mai gari, ko aboki wanda 'ya'yansa suka cika allura suna ta wasa a ƙofar gida. Mata kuma, in maigida ya hana, kada a yi ta a ɓoye a jawo rigima, ku gaya wa ungozoma ko malamar asibiti, ta san wanda za ta tura masa. Mu ma'aikata namu shi ne mu amsa tambaya da fuska sake, ko sau nawa aka yi ta.

Ku zo da wayar ɗakin shan magani, ku kunna mana saƙon mu ji tare. Abin da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti akwai likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru a nan cikin birni. Ku zo kuma da katin yaro. Allurar farko ranar haihuwa ce ko cikin kwanakin farko, sai mako shida, mako goma, mako goma sha huɗu, sai ta ƙyanda da shawara a wata tara, a sake ta ƙyanda a wata goma sha biyar. A asibitin gwamnati ba a biyan ko kwabo. In an tsallake wata, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba. In jiki ya yi zafi bayan allura, a ba shi nono sosai, a shafa masa ruwa mai ɗumi-ɗumi, a ba shi farasitamol gwargwadon yadda malamin asibiti ya auna. In zafin ya wuce kwana biyu, ko yaro ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, a kawo shi nan da nan, ko da dare ne.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen ruwan sha da rijiyoyi kafin damina ta sauka. Mu kwana lafiya.